Daga Birnin Kebbi Zuwa Jidda: Nisan Hanya da Tsawon Tafiya a Jirgin Sama



Akwai wata tambaya wadda shekara ba ta wucewa ba a ji ta a zaurukan Nasarawa da sauran unguwannin Birnin Kebbi ba, musamman idan watan Zulƙida ya kama, maniyyata sun fara ɗaure kaya. Tambayar ita ce: daga nan zuwa ƙasa mai tsarki, tafiyar awa nawa ce a jirgin sama? Wani alhaji ya ce awa biyar. Wani ya ce shi dai bakwai ya yi. Na uku kuwa ya dage a kan kwana huɗu, domin shi tun daga ranar da ya yi sallama da iyalinsa yake ƙidaya. Abin mamaki shi ne, babu maƙaryaci a cikin su ukun. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna dalilin da ya sa hanya ɗaya take da amsoshi da yawa, a kuma nuna cewa nisa abu ne tsayayye da ba ya motsi, amma tsawon tafiya abu ne da iska, da siyasa, da aikin ofis suke miƙewa ko su taƙaita. An zaɓi Jidda ne domin jiragen alhazai a can ko a Madina suke sauka, sauran tafiyar zuwa Makka a ƙasa ake yin ta.

Kafin a shiga lissafi, ya kamata a ɗan tsaya a kan harshe. Bahaushen dauri bai auna hanya da mil ko kilomita ba. Waɗannan kalmomi biyu baƙi ne, ta farko ta zo tare da Turawan mulki, ta biyu kuwa ta zauna da gindinta a shekarun 1970, sa'ad da Nijeriya ta koma sabon ma'auni. Shi da lokaci yake auna nisa. Sai ya ce gari kaza tafiyar hantsi ce, ko tafiyar yini, ko wuni kamar yadda mutanen yamma suke faɗi, ko kuwa tafiyar kwana uku. Fatake da ke bi ta Jega zuwa Gwanja neman goro, da zango suke ƙidaya, watau wurin da ayari zai sauke kaya ya kwana. Zango kuwa ba shi da tsayayyen tsawo. Inda ruwa yake, da inda ciyawar dabbobi take, da inda babu tsoron mahara, su ne suke gaya wa madugu inda zai tsaya. Saboda haka idan ya ce saura zango biyar, ya haɗa nisa, da halin hanya, da ƙarfin jakuna, da zaman lafiyar ƙasar da za a ratsa, duk a cikin kalma ɗaya. Malaman fiƙihu ma da suka ƙayyade tafiyar da ake yi wa sallar ƙasaru, sun ce barid huɗu, watau mil 48 da irin nasu mil ɗin, kimanin kilomita 80, amma sun kuma kwatanta ta da tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya. Za a ga nan gaba cewa wannan tsohon ma'auni na madugu ya fi dacewa da sha'anin jirgin sama bisa ga yadda ɗan boko yake tsammani.

Ita kanta kalmar jirgi, ta ruwa ce. Masuntan Kabi da ke tuƙi a Matan Fada ta Argungu, da Sarkawan Yawuri, sun san jirgi tun ba a yi mafarkin ƙarfe zai tashi sama ba. Da baƙon abu ya zo, Bahaushe bai ari suna ba, sai ya ɗauki nasa ya ƙara masa wutsiya: jirgin ƙasa, jirgin sama. Mai sarrafa shi kuma ya zama matuƙi, ko da yake babu gora ko filafili a hannunsa. Wannan suna ya dace ƙwarai, domin jirgin sama a cikin iska yake iyo kamar yadda kwalekwale yake iyo a gulbi, kuma abin da igiyar ruwa take yi wa wannan, shi iska take yi wa wancan.

To, mene ne ainihin nisan? Duniya ƙwallo ce, ba faifai ba, kewayenta kuma kimanin kilomita 40,000 ne. Hanya mafi gajarta tsakanin garuruwa biyu a bisa ƙwallo ba ita ce wadda ɗalibi zai ja da rula a kan taswirar bango ba, domin taswira shimfiɗa ce, kuma ba a shimfiɗa ƙwarya sai ta tsage ko ta karkace. Wanda yake son ya gane hanyar, sai ya sami ƙwallon duniya irin na makaranta, ya kafa kan zare a Birnin Kebbi, ya ja shi tsam zuwa Jidda. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanyar, masana kuma suna kiranta hanyar babbar da'ira. Idan aka lissafa ta, tsawonta kimanin kilomita 3,850 ne, watau mil 2,400 ko kusa da haka, ɗan ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin goma na kewayen duniya. Zuwa Madina akwai ƙarin kimanin kilomita 100. Zaren nan yana fita daga Birnin Kebbi ya bi ta kudu kaɗan da Sakkwato, ya gitta ta kan Maraɗi, ya wuce ta arewa da Damagaram, ya kutsa hamadar arewacin Cadi, ya shiga arewacin Sudan, ya haye kogin Nilu, sa'an nan ya tsallake Bahar Maliya.

A nan akwai wani abin lura da ya kamata limamai da magina su sani. Bahaushe yakan ce wa alƙibla gabas, har ya ce mutum ya fuskanci gabas, yana nufin ya yi salla. Amma daga Birnin Kebbi, alƙibla ba gabas sak take ba. Ta karkata wajen arewa da kimanin digiri 20. Wannan karkata kuwa ita ce dai ta zaren da aka ambata. Watau mai salla a masallacin Nasarawa, da matuƙin da ya ɗaga daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, a kan hanyar Argungu, kusan layi ɗaya suke dubawa, in dai an bar matuƙin ya bi hanyar da ta fi kusa.

Jirgin fasinja na zamani, idan ya kai tsayin da yake tafiya, kimanin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, yana gudun kilomita 850 ko fiye a awa guda. Ɗan firamare zai iya raba 3,850 da 850, ya sami awa huɗu da rabi. A ƙaddara ayari yana cin kilomita 20 a yini; wannan hanya za ta ɗauke shi fiye da wata shida ba hutu, zangon nasa guda kuwa jirgi yana shafe shi cikin ƙasa da minti ɗaya da rabi. Tafiyar ƙasarun da malamai suka ce ta yini biyu ce, minti shida ce a sama. Sai dai lissafin ɗan firamaren nan bai cika ba, domin jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudu. Sai ya gangara zuwa titinsa, ya jira izini, ya ɗaga, ya yi ta hawa na kusan rabin awa, a ƙarshe kuma ya rage gudu ya sauko a hankali, wani lokaci ya yi ta kewaya gari yana jiran layi, abin da ya zama ruwan dare a Jidda lokacin aikin hajji. Shi ya sa amsar da ta fi kusa da gaskiya, idan hanya a buɗe take, ita ce awa biyar. Wannan hawa da sauka shi ne kuma ya sa gajeriyar tafiya take cin lokaci fiye da rabonta. Daga Birnin Kebbi zuwa Abuja kimanin kilomita 500 ne a sama, kusan kashi ɗaya cikin takwas na hanyar Jidda, amma tafiyar tana cin kusan awa guda, watau kashi ɗaya cikin biyar.

Sai kuma iska. Can sama inda jirage suke bi akwai wasu manyan gulabe na iska masu tsananin gudu. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, sau da yawa suna saɓa wa iskar da ake ji a ƙasa. Da hunturu, sa'ad da iskar arewa maso gabas take busar da leɓe a Argungu, can sama a kan hamada da ƙasar Larabawa iskar daga yamma take kaɗawa, tana tura jirgin da ya nufi Jidda, tana kuma tare wanda yake dawowa. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, wani gulbin yakan taso daga wajen Indiya ya nufo yamma, al'amarin ya juya. Tun da yake watan hajji yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana kewaye rani da damina cikin shekara 33 ko kusa da haka, uba da ɗansa za su iya bin hanya ɗaya a jirgi iri ɗaya, amma lokacinsu ya bambanta. Zafi ma yana da nasa hukunci. Iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta ɗaukar fiffike sosai, saboda haka jirgi mai cikakken kaya yana bukatar titi mai tsawo kafin ya ɗaga a rana irin ta bazarar Kabi, inda zafi yake haura digiri 40. Hazon hunturu kuwa yakan hana sauka ɗungum, a karkata jirgi zuwa wani gari.

Alhajin da ya ce awa bakwai ya yi, mai yiwuwa agogo ne ya ruɗe shi. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi daga Ambursa da ƙarfe goma na dare, ya yi awa biyar a sama, zai sauka da ƙarfe biyar na asuba a agogon Jidda. Wanda ya dubi takarda kawai sai ya ƙirga bakwai. A dawowa kuma, wanda ya tashi da goma na safe zai iso da ƙarfe ɗaya na rana, sai ya zaci uku ya yi. Wannan ba wasan agogo ba ne kurum, domin ita ma rana tana riga fitowa a can da fiye da awa biyu. Wanda ya ɗaga bayan azahar ya nufi gabas, la'asar da magariba da lisha duk za su shigar masa kafin ya kwance ɗamarar kujera. Hukuncin wannan yana hannun malamai, amma lissafin yana hannun duk wanda ya san dalili.

To amma mai yiwuwa kuma alhajin nan da gaske awa bakwai ya yi, kuma a nan ne maganar take da nauyi. Sararin samaniya ba daji ba ne da kowa zai ratsa yadda ya ga dama. Kowace ƙasa tana da iko da saman da ke bisa kanta, tana ba da izini, tana karɓar kuɗin wucewa, tana kuma iya rufewa. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, aka rufe sararin samaniyar Sudan, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Zaren da aka ja ɗazu kuwa ta tsakiyar arewacin Sudan ya bi. Tilas jirage suka yi zagaye, ko ta kudu ko ta arewa, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, har kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin Dalar Amurka 250 a kan kowace kujera. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekara, ita ma Jamhuriyar Nijar ta rufe nata saman na wasu makonni. Birnin Kebbi bai gusa ba, Jidda ba ta gusa ba, amma manomin da ya sayar da shinkafarsa ta fadama ya biya kujera, ya ga Makka ta ƙara nisa. Haka nan wanda ya bi jirgin yawo ta Alƙahira ko Adis Ababa, ya yi zango a can yana jiran wani jirgin, yini guda cur yakan tafi.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mutanen ƙasar nan, tsohon abu ne ya sake tufafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a ƙuruciyarsa, ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas, amma ya komo bai wuce ba, kuma har ya rasu a 1817 bai sami zuwa hajji ba. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya kama hanyar gabas a 1807 da niyyar barin ƙasar baki ɗaya, amma a Kano ya tsaya, mutanen garin suka riƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya juyo. Ba kilomita ne suka tsai da waɗannan bayin Allah ba. Bayan faɗuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake. Talakawan da suka bi bayansu a ƙasa, ta Maiduguri, da Fallomi, watau Njamena ta yanzu, da Abeshe, da Alfashir, da Al'ubayyid, har Sawakin a bakin teku, da yawansu shekaru suka yi a hanya. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙodago a gonakin audugar Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, a tara na gaba. Wasu sun isa, wasu sun mutu, wasu sun yi aure sun zama 'yan ƙasa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuwa, da ya tashi nasa hajjin a 1921, sai ya ba gabas baya: ya gangara Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya nufi Jidda. Hanyarsa ta ninka ta talakawa nisa, amma ya je ya dawo tun wasunsu ba su ga Nilu ba.

Jiragen sama na farko ma tsohuwar hanyar alhazai suka bi, sai dai a juye. Jirage uku na sojan Ingila da suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925 daga Masar suka taso, suka yi kwanaki suna zango a Sudan da Cadi, domin tankinsu ba ya ɗaukar man da zai ƙetare hamada kai tsaye. Da kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano a 1936, wannan layi ya bi. Watau matuƙin farko madugu ne sosai: inda mai yake, da inda fili yake, nan ne zangonsa. Sai da manyan jirage masu dogon zango suka samu, sa'an nan tafiyar ta koma tsalle guda.

Saura alhaji na uku, mai kwana huɗu, kuma maganarsa ce ta fi shafar ma'aikatan da ke wannan zaure. A da, maniyyaci daga Gwandu, ko Argungu, ko Yawuri, ko Zuru, sai ya tafi wani gari ya hau jirgi, Kano ko Sakkwato, ya zauna a sansanin alhazai har a kira sunansa. Samun fili a Ambursa ya yanke wannan zango, har ma a watan Mayu 2024 daga nan jirgin farko na alhazan Nijeriya baki ɗaya ya tashi. Amma fili bai isa ba. Fasfon da bai fito ba, da bizar da ta makara, da jerin sunayen da aka rubuta ba daidai ba, da katin rigakafin da aka manta, da sanarwar rediyo da ta kira mutane sansani tun jirgi bai baro Jidda ba, kowane ɗaya yana iya cin lokacin da ya fi na tafiyar sama duka. Tsohuwar da aka ɗauko daga ƙauye aka ajiye a kan tabarma kwana uku cikin zafi, ba ta san iskar sama ba, ba ta san rikicin Hartum ba. Abin da ta sani shi ne Makka tafiyar kwana huɗu ce, kuma da gaskiyarta. Daga cikin abubuwan da aka lissafa, iska ba ta hannun kowa, yaƙin wata ƙasa ba ya hannun ma'aikacin jiha, amma takarda tana hannunsa. Hukumar alhazai ta ƙasa, wadda aka fara kafawa a 1975 aka kuma sake wa tsari a 2006, da takwarorinta na jihohi, a wannan zango na ƙasa ne ya kamata a auna ƙwazonsu, ba a awoyin sama ba, waɗanda ba su ne suka yi su ba.

Sai dai kada a ɗauki wannan a matsayin kira ga gaggawa ko ta halin ƙaƙa, domin akwai jinkirin da shi ne alheri. Ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 da aka yi haya domin kwaso alhazai ya tashi daga Jidda ya nufi Sakkwato. A lokacin Birnin Kebbi da Argungu suna cikin Jihar Sakkwato, domin sai ranar 27 ga Agusta na wannan shekara aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Bincike ya nuna cewa wasu tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, amma ba a tsaya an cika su ba don gudun kada a makara. Tayoyin suka fashe tun yana gudu a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin da wutarsu. Matuƙin ya juyo yana neman sauka, bai kai ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu. Tafiyar da aka so a taƙaita da ɗan lokaci kaɗan, tafiyar awa biyar ce.

Saboda haka ma'aikacin da maniyyaci ya tambaya awa nawa ce, ya kamata ya rarrabe masa amsar kashi-kashi, kamar yadda madugu yake yi wa ayari kafin a ɗaura wa jakuna kaya: kilomita 3,850 ne idan an bi miƙaƙƙiyar hanya; awa biyar ne idan saman Nijar da Cadi da Sudan a buɗe yake, fiye da haka idan za a yi zagaye; ya ƙara awa biyu a agogonsa idan ya sauka; ya kuma zo sansani ranar kaza da ƙarfe kaza, ba kafin nan ba. Ɗaliban da ke neman abin bincike kuwa, ga fili nan ba a nome ba. Tsofaffin da suka je a ƙasa ta Sudan sun kusa ƙarewa a Jega da Argungu da Birnin Kebbi, kuma sunayen zangunansu, da adadin kwanakin da suka yi a kowane, a bakinsu kawai suke.